Wa Ya Faɗa Wa Rediyo Za A Yi Zafi?

 

In bazara ta kama a ƙasar Tunuga, sai ka ji rediyo na cewa: "Jibi da gata zafi zai ƙaru, zai kai digiri 44." Nan sai gardama ta tashi a gindin bishiya. Wani ya ce ƙarya ce, ai su ne suka ce za a yi ruwa bara, ko ɗigo bai sauka ba. Wani ya ce wannan duba ne, bai kamata Musulmi ya saurara ba. Wani kuma ya yarda da kome, kamar yankan wuƙa.

Gardamar tana da amfani, domin akwai abin da ya rataya a kanta: ran tsoho, da lafiyar jariri, da shanun noma, da irin da ka ɓoye tun kaka. Saboda haka bari mu bi tarihin wannan sana'a ta hasashen yanayi tun daga tushe. In ka san yadda aka fara ta, za ka san inda ya kamata ka yarda da ita, da inda ya kamata ka yi hattara.

Abin da kakanninmu suka sani

Tun kafin a yi rediyo manoma ke hasashe. In sun ga shamuwa ta dawo tana ɗaukar kara tana yin sheƙa, sun san damina ta kusa. In gawo ya fara zubar da ganye, tsamiya ta yi toho, tururuwa suna kwashe ƙwansu, duk alamu ne. In iska ta daina zuwa daga gabas, ta juyo daga kudu maso yamma da ɗan sanyi-sanyi, sai a fara gyaran gona.

Malamai kuma suna da lissafin taurari. Sun raba shekara gida 28, kowane gida kwana 13, sai guda ɗaya mai kwana 14. In ka tara za ka sami kwana 365. Ka taɓa jin sunayen wasu: Surayya, Haƙa'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa. Da wannan lissafi malami yake gaya wa manomi lokacin shuka ya yi ko da saura.

Ba wanda ya kira waɗannan mutane bokaye. Sun lura ne da abin da Allah ya saba yi shekara da shekaru, suka riƙe shi. Lissafinsu yana faɗin lokacin da zafi ya saba zuwa. Abin da ba ya iya faɗi shi ne ko zafin wannan mako zai fi na makon jiya.

Me ya sa zafinmu ya fi tsanani a watan Afrilu? Wajen ranar 20 ga wannan wata, rana takan tsaya daidai bisa kanmu a Tunuga da Gaya. Ka kafa sanda a tsaye da tsakar rana, za ka ga inuwarta ta kusa ɓacewa. A lokacin hazon hunturu ya ragu, girgije bai zo ba, ƙasa ta bushe ƙayau. Ba abin da ke tare rana. A ƙarshen watan Agusta ma takan sake tsayawa bisa kanmu, amma girgije da damshin ƙasa da ganye suna rage mata ƙarfi.

Ma'auni da rubutu

Mataki na farko da aka ɗauka shi ne awo. Da, sai dai mutum ya ce yau an yi zafi ƙwarai. To, ƙwarai ɗin nawa ne? A 1714 wani mutum mai suna Fahrenheit ya gyara ma'aunin zafi na gilashi. A 1742 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Celsius, ya raba ma'aunin gida 100. Nasa ne muke amfani da shi a Nijar. A kan 0 ruwa ke zama ƙanƙara, a kan 100 yake tafasa. Jikin mai lafiya yana wajen 37. Ka ga ke nan, in an ce digiri 44, iskar da kake shaƙa ta fi jininka zafi.

Mataki na biyu shi ne rubutu. Awon da ba a rubuta ba, gobe an manta da shi. A ƙasarmu tun 1905 ake rubuta ruwan da ke sauka a Yamai da Damagaram. Daga baya aka buɗe tasha a Gaya. Da wannan rubutu aka tabbatar ƙasar Gaya ta fi ko'ina samun ruwa a Nijar, wajen milimita 800 a shekara. Da shi kuma aka san zafin rana a watan Afrilu a nan yakan tsaya wajen digiri 40.

Ga wani abu da ya kamata ka riƙe. Ma'aunin tasha a inuwa yake, cikin farin akwati mai ramuka wanda iska ke ratsawa, an ɗaga shi sama da ƙasa. In rediyo ya ce 43, zafin inuwa yake nufi. Wanda ke tsakiyar gona, ko cikin ɗakin kwano, ko gaban wutar dafa gishiri a Foga, abin da yake sha ya fi haka nesa.

Waya ta fi hadari sauri

Ka san hadarinmu daga gabas yake tasowa. In ɗan'uwanka a Kamba ya buga maka waya ya ce ga hadari ya wuce su, sai ka kwashe shanya. Kai ma ka yi hasashe ke nan. Haka Turawa suka fara, da suka sami wayar tangaraho.

A watan Oktoba 1859 wata guguwa ta farfasa jirgin ruwa mai suna Royal Charter a gaɓar Birtaniya, mutum fiye da 400 suka mutu. Wani tsohon shugaban jirgin ruwa, Robert FitzRoy, ya ce da an aika labari da wuri, da an tsirar da rayuka. Ya sa ana aiko masa da awon iska ta waya daga garuruwan bakin teku kowace safiya. A 1861 ya fara gargaɗin masu jirage. Ranar 1 ga Agusta ta wannan shekara jarida ta fara buga hasashensa domin kowa ya karanta.

Sau da yawa ya dace, sau da yawa kuma ya kuskure. Jaridu suka riƙa yi masa ba'a. Ya rasu a 1865, a 1866 hukuma ta dakatar da gargaɗin. Ka san su wa suka yi kuka? Masunta da matuƙan jirage. Suka matsa har aka maido da shi a 1867. Su da ransu ke kan ruwa sun gane gargaɗin da ke dacewa sau da yawa ya fi shiru amfani, ko da wani lokaci yana kuskurewa.

Lissafi, na'ura da tauraro

Labarin waya yana isa ne kawai ga abin da ya riga ya taso. Sai masana suka ce iska ma tana da ƙa'ida. Mai zafi tana hawa sama, mai sanyi tana sauka, kuma tana gudu daga inda ta yi nauyi zuwa inda ta yi sauƙi. In an auna yadda take yau, ana iya lissafa yadda za ta kasance gobe.

Wani Bature ɗan Ingila, Lewis Richardson, ya gwada da alƙalami da takarda. Ya yi makonni yana lissafin hasashen awa 6 kaɗai, amsar kuma ta fito ba daidai ba. Duk da haka ya buga aikinsa a 1922. Ya ƙiyasta sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin su riga yanayin duniya sauri. A 1950, a Amurka, aka ba wata kwamfuta mai suna ENIAC irin wannan aiki. Ta ɗauki kusan awa 24 tana lissafin hasashen awa 24. Na'urorin yau suna gama wanda ya fi shi girma kafin a sauke tukunyar tuwo.

Na'ura ba ta yin aiki sai an ba ta awo. Ana samun awon daga tashoshin ƙasa, da jiragen ruwa, da jiragen sama, da balan-balan da ake saki da ɗan ma'auni a rataye. A filin jirgin sama na Yamai an daɗe ana sakin irinsu. A 1960 Amurka ta harba tauraron ɗan'adam na farko mai ɗaukar hoton girgije. A 1977 ƙasashen Turai suka harba Meteosat, ya tsaya saitin Afirka, a nisan wajen kilomita 36,000. Magadansa na yanzu suna aiko da hoto kowane minti 10 zuwa 15. Hadarin da ya taso a wajen Sakkwato, ana ganinsa a Yamai kafin ya iso Dole.

Yadda aikin ya zauna a Yamai

A zamanin Turawa, saboda jiragen sama aka fi kula da awon yanayi. Manomi bai cika amfana ba. Fari ne ya canja wannan. Tsofaffi sun ba da labarin Kakalaba, yunwar 1914. Iyayenmu sun ga ta 1973, lokacin da dabbobi suka ƙare, mutanen arewa suka kwararo kudu. Ba wanda ya ba da labarinta kafin ta zo.

A watan Satumba 1973 ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari, CILSS, a Wagadugu. A 1974 ƙungiyar ta buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai, domin horar da ma'aikatan da za su riƙa bin ruwa da shuka da makiyaya. Farin 1984 ya sake tsoratar da kowa, har kogin Kwara ya daina gudu a Yamai a watan Yuni 1985. A 1987 aka kafa cibiyar yanayi ta Afirka gaba ɗaya, ACMAD, ta zauna a Yamai a 1992. A 1998, a Abijan, masanan Afirka ta Yamma suka fara taron shekara-shekara na faɗin yadda damina za ta kasance.

Abin da kake ji a Muryar Sahel daga Hukumar Yanayi ta Ƙasa yake fitowa, wadda ake kira Meteyo. In kuma ka kama rediyon Kabi, hasashen hukumar Najeriya ne, NiMet, wadda aka kafa a 2003. Mu da ke kan iyaka muna da sa'a, muna jin na gida da na maƙwabta. Zafin da ya kama Kamba da Malanbil ba zai tsallake Tunuga ba.

Inda za ka yarda, da inda za ka yi hattara

To, yanzu mun zo kan tambayar gindin bishiya. Ga abu 3 da tarihin nan ya koyar.

Na farko, kusa ta fi nesa. Ka jefa ƙwarya a kogi. Kana iya faɗin inda za ta kai nan da ɗan lokaci. Amma ina za ta kwana gobe? Ɗan kaɗawar iska, ko ciyawa guda, sun isa su canja mata hanya. A 1961 wani masani a Amurka, Edward Lorenz, ya ga haka a kwamfutarsa. Ya rage ɗan ƙaramin abu a lambar da ya ba ta, sai amsar ƙarshe ta fito dabam sarai. Awo kuwa ba ya rasa ɗan kuskure, kuskuren kuma girma yake yi kowace rana. Shi ya sa masana suka ce hasashen kwana-kwana ba ya wuce wajen mako 2. A Turai da Amurka an lura kowace shekara 10 ana samun ƙarin kwana 1 na hasashe mai kyau, amma wannan iyaka tana nan. Wanda ya ce maka tun watan Janairu ya san ranar da zafi zai fi tsanani a Afrilu, kada ka saya.

Na biyu, hasashen zafi ya fi na ruwa tabbas. Zafi babban bargo ne, yana rufe ƙasa da ƙasa, kuma a hankali yake taruwa. Ruwanmu kuwa na hadari ne, ya jiƙa gonar wannan ya bar ta maƙwabcinsa. Tashoshin awo kuma ba su da yawa a Afirka. A 2018 wasu masana na Jamus suka gwada hasashen ruwa na manyan na'urorin duniya a yankinmu. Suka tarar wajen faɗin ruwan wuri guda, da ƙyar na'urorin suka fi mutumin da ya duba littafin shekarun baya kawai. A 2021 kuwa wani masani ɗan Burkina Faso, Kiswendsida Guigma, da abokan aikinsa suka nuna ana iya hango matsanancin zafin Sahel har wajen mako 2 kafin ya zo. Saboda haka mai cewa sun yi ƙarya a kan ruwa, don haka ba zai yarda da su a kan zafi ba, ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba.

Na uku, ka saurari kalmar da suka faɗa. In an ce kashi 70 cikin 100 za a yi ruwa, ma'anarsa cikin ranaku 10 masu irin wannan alama, 7 ana ruwa, 3 ba a yi. In yau ta faɗo cikin ukun nan, ba a yi maka ƙarya ba. Hasashen damina gaba ɗaya ma haka yake. Cewa ake ruwa zai fi yadda aka saba, ko daidai, ko ƙasa, kuma zancen yanki ne mai faɗi, ba zancen gonarka ba. Mai wannan aiki ba ya da'awar sanin gaibu, sanin gaibu sai Allah. Shi da mai kallon shamuwa aikinsu ɗaya, sai dai nasa idon ya fi nisa.

Zafi yana kisa

Mun saba cewa mu ƴan rana ne, zafi ba ya yi mana kome. A duba abin da ya faru. A watan Yuni 2010 an auna digiri 48.2 a Bilma. Ranar 3 ga Afrilu 2024, ana cikin azumi, an auna 48.5 a garin Kayes na Mali. A kwana 4 na farkon wannan wata, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu, alhali a dukan watan Afrilu na 2023 mutum 130 ne. Da yawansu tsofaffi ne, likitoci kuma suka ce zafi yana da hannu a ciki. Masana da suka bincika suka ce ɗumamar duniya, wadda hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa ke jawowa, ita ta kai zafin wannan matsayi.

Zafin dare ma yana ɓarna ƙwarai. In damshin teku ya shigo amma ruwa bai sauka ba, sai ya riƙe zafi kamar murfin tukunya. Gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hutawa. Wannan shi ne ya tsananta zafin watan Afrilu 2010 a Nijar. In ka ji an ce dare ma ba zai yi sanyi ba, to wannan gargaɗi ne mai nauyi.

Jin labari kuma ba ya isa sai an yi aiki da shi. A watan Agusta 2003 masu hasashe a Faransa sun faɗi zafi na zuwa, amma ba a shirya ba, mutum kusan 15,000 suka mutu. A 2004 suka kafa tsarin gargaɗi. A birnin Ahmedabad na Indiya zafin watan Mayu 2010 ya kashe mutum fiye da 1,300. A 2013 suka tsara abin da kowa zai yi in an yi gargaɗi: asibiti ya shirya, a ajiye ruwan sha a hanya, a sassauta aikin tsakar rana.

Mu ma muna da abin yi. In an ce zafi na zuwa, a cika randuna. A yi sassabe da dafa gishiri da sassafe ko da yamma. A shayar da dabbobi da wuri, a ɗaure su a inuwa. A fitar da tsoho da mai ciki da jariri daga ɗakin kwano zuwa rumfa. Mai shayarwa ta ƙara ba jariri nono, ita kuma ta sha ruwa sosai. In jikin mutum ya yi zafi rau, ya ruɗe, ko ya suma, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi gidan likita. In an shirya zafin bai zo ba, me aka rasa? Ruwan randa yana nan. In kuwa ya zo ba a shirya ba, abin da za a rasa ba ya dawowa.

Ka gwada da alƙalaminka

Kada ka yarda don an rubuta a nan. Yanzu ka iya karatu da rubutu, kana da abin da kakanninmu ba su samu ba. Ka ware shafi a littafinka, ka ja layi 3. A na farko ka rubuta kwanan wata. A na biyu ka rubuta abin da rediyo ya ce za a yi gobe. A na uku ka rubuta abin da aka yi. In ka ga shamuwa ko tohon tsamiya, shi ma ka rubuta ranar.

Ka fara daga watan Maris har ƙarshen damina. In kaka ta yi, ku zauna a aji ku ƙirga: sau nawa suka dace a kan zafi, sau nawa a kan ruwa? Ku gwada littafin mutumin Tunuga da na mutumin Dole. Daga nan, in gardama ta tashi a gindin bishiya, sai ka buɗe littafinka ka karanta musu. Wanda bai iya karatu ba kuma, in ka ji gargaɗin zafi, ka kai masa labari har gida.

Allah ya raba mu da sharrin zafi, ya kai mu damina lafiya, ya ba mu mai albarka. Amin.